Ledar jinin da ba ta shiga firij: abin da ƙa'idar Amurka ta tanada

Idan aka ce an tantance jini, hankalin mutane kan tafi ga ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere. Ba a cika ambaton bakteriya ba, alhali takan shiga leda tun lokacin ɗibar jinin, galibi daga fatar hannun mai bayarwa, inda allura ta huda.

Matsalar ta fi ƙamari a kan filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, waɗanda masu ciwon daji suka fi buƙata. Jajayen ƙwayoyin jini suna iya kwana 42 a firij, sanyi kuma yana danne yawancin bakteriya. Shi kuwa filatilet, a zafin digiri 20 zuwa 24 na ma'aunin Salshiyos ake ajiye shi, ana jijjiga shi a hankali. Wannan ɗumin bakteriya take so. 'Yan ƙwayoyin da suka shiga ranar farko kan zama miliyoyi kafin kwana biyar, su jefa majinyaci cikin zazzaɓi mai tsanani, wani lokaci har rai ya salwanta.

A Satumba 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da ƙa'ida a kan haka, wa'adin fara aiki da ita ya cika a 1 ga Oktoba 2021. Cibiyar jini tana da zaɓi. Tana iya jinkirta ɗaukar samfuri har awa 36 bayan ɗiba, ta ɗauki mai yawa, ta zuba a kwalaben rainon ƙwayoyin cuta iri biyu, na masu son iska da na marasa so. Ledar sai ta yi kwana 5 kafin wa'adin amfani da ita ya ƙare. Idan aka jira awa 48, tana kaiwa kwana 7. Cibiyar tana kuma iya gwadawa a awa 24, amma sai ta sake gwaji daga baya. Ko kuma ta kashe ƙwayoyin cutar da sinadari da hasken ultrabayolet.

Jinkirin nan shi ne hikimar ƙa'idar a ganina. Ranar farko ƙwayoyin ba su da yawa, sirinji na iya zuƙo samfuri bai kamo ko ɗaya ba, a ce leda lafiya lau alhali da cuta a ciki.

Gwaji bai ɗauke wa ma'aikaci goge hannun mai bayarwa da kyau ba, ko karkatar da jinin farko zuwa ƙaramar leda ta daban. Haka duba leda da ido kafin a rataye ta: in ta canja launi ko ta yi gudaji, ba a sa wa kowa.