Sauya sheƙa a Majalisar Tarayya: abin da sashe na 68 ya tanada, da shari'ar kujerar Tambuwal

Aminu Waziri Tambuwal lauya ne tun kafin ya shiga siyasa. Ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya gama a 1991, aka rantsar da shi lauya a 1992. A 2003 ya shiga Majalisar Wakilai daga mazaɓar Kebbe da Tambuwal a inuwar ANPP, a 2011 kuma ya zama Kakakin Majalisa yana ɗan PDP. Ranar 28 ga Oktoba, 2014 ya tashi a zauren majalisa ya ce ya koma APC. Nan take gardama ta kaure: kujerarsa ta faɗi ko tana nan?

Amsar tana cikin sashe na 68(1)(g) na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashen ya ce duk sanata ko ɗan Majalisar Wakilai da jam'iyya ta tsayar har ya ci zaɓe, idan ya shiga wata jam'iyya kafin wa'adin majalisar ya ƙare, to ya bar kujerarsa. Dalilin a fili yake. A Najeriya babu ɗan takara mai zaman kansa, domin sashe na 65 ya wajabta sai jam'iyya ta tsayar da mutum, kuma alamar jam'iyya mai zaɓe yake dangwala wa yatsa. Sashe na 109 ya ɗora irin wannan hukunci a kan 'yan majalisun jihohi.

Ƙofa biyu kawai doka ta bari. Ta farko, idan jam'iyyar da ya baro ta dare gida biyu. Ta biyu, idan ta narke cikin wata ta hanyar haɗewa, kamar yadda ACN da CPC da ANPP suka haɗu suka zama APC a 2013.

Ƙofar farko ce kowa ke rububin bi, shi ya sa da wuya ka ji wasiƙar sauya sheƙa da ba ta ambaci "rikicin cikin gida" ba. Amma Kotun Ƙoli ta rage faɗin wannan ƙofa a 2015, a shari'ar Ifedayo Abegunde, ɗan Majalisar Wakilai daga Akure wanda ya bar jam'iyyar Labour ya koma ACN, yana kafa hujja da rikicin reshen jam'iyyar na jihar Ondo. Kotu ta ce rabuwar da doka take nufi ita ce wadda ta taɓa uwar jam'iyya ta ƙasa har ta hana ta aiki. Faɗan shugabanni a jiha, ko fushin rashin tikiti, ba su kai ba. Abegunde ya rasa kujerarsa.

To me ya sa har yanzu ake ta ƙaura ba a ganin kujera ta faɗi? Matsalar tana a sashe na 68(2). Shi ya ɗora wa Shugaban Majalisar Dattawa ko Kakakin Majalisar Wakilai alhakin zartar da hukuncin, bayan an gabatar wa majalisa hujjar da ta gamsar da ita. Idan wanda ya sauya sheƙa jam'iyyar shugaban majalisa ya nufa, wa zai kore shi? A Disamba 2013 'yan PDP 37 suka koma APC a Majalisar Wakilai, Tambuwal na kan kujera, bai ayyana gurbin kowa ba. Da abin ya zo kansa kuwa, shi ne mai laifin da ake zargi, shi ne kuma mai yanke hukunci. Wannan babban giɓi ne, kuma mai zaɓe ne yake kwana a ciki.

'Yan sanda sun janye wa Tambuwal masu tsaro suna kafa hujja da sashe na 68(1)(g), ranar 20 ga Nuwamba, 2014 kuma suka tare ƙofar majalisa, har wasu 'yan majalisa suka haura shinge. Sai dai doka ba ta ba 'yan sanda ikon cewa kujerar wani ta faɗi ba. Ban da majalisa, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin wannan magana. Muƙamin Kakaki ma, bisa sashe na 50, ba ya tafiya a cikin wa'adin majalisa sai in mutum ya daina zama ɗan majalisa ko kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar sun tsige shi, kuma babu inda aka ce dole ya fito daga jam'iyya mai rinjaye. Haka Tambuwal ya ci gaba da jan ragama har ya zama gwamnan Sakkwato a 2015.

Gwamnoni da shugaban ƙasa da mataimakansu ba sa cikin wannan tarko. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2007 a shari'ar Atiku Abubakar, wanda ya bar PDP ya koma jam'iyyar AC yana Mataimakin Shugaban Ƙasa.

Jam'iyyar da aka gudu aka bari, hanyarta ita ce ta shigar da ƙara da wuri, da wasiƙar sauya sheƙar da kundin zaman majalisa na ranar da aka karanta ta a matsayin shaida. Jinkiri ne ke kashe irin waɗannan ƙararraki, domin daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli, shekaru huɗun majalisa kan kusa ƙarewa kafin hukunci ya fito, kamar yadda ya faru a shari'ar Abegunde. Idan an ayyana gurbin da sauran lokaci, INEC ce za ta shirya zaɓen cike gurbi a mazaɓar.