Allurar gwaji ba ta yaɗa sankarar mama

Iyayenmu mata da 'yan'uwana mata na Kaduna, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidajenmu, wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ta taɓa shi sai ya fantsama. Saboda wannan magana, mace za ta zo asibiti da ƙulli a mama, likita ya ce a ɗebi 'yar tsoka a auna, ta ce bari ta je ta yi shawara da maigida. Shi ke nan, ba a sake ganinta sai bayan watanni, maman ya fashe yana fitar da ruwa. A aikina na ma'aikaciyar lafiya babu abin da ke sosa mini rai kamar wannan.

Na san inda maganar ta samo tushe. Yawancin matanmu suna isa asibiti ne bayan cutar ta kai mataki na 3 ko na 4. Sai a yi gwaji, ciwon ya ci gaba da abin da dama yake yi, a ɗora wa allura laifi. Jinkirin ne ya yi ɓarnar.

Gwajin kansa ba wani babban aiki ba ne. Ana kashe zafin wurin, a sa allura a ciro tsoka da ba ta wuce 'yan ƙwayoyin shinkafa ba, a kai ɗakin gwaji, ki koma gida ranar. Hoton sikanin ko na mamogiram yana nuna akwai ƙulli, amma tsokar ce ke tabbatar da ko sankara ce. Sau da yawa ma ba ita ba ce, musamman ga 'yan mata.

Abin da binciken likitoci ya gano, wanda nake so kowace mace ta riƙe, shi ne sankarar mama kala-kala ce. Akwai wadda ke girma da sinadarin mata na estirojin. Ita ana ba ta ƙwaya irin su tamoxifen, a sha kullum na shekara 5 ko fiye. Akwai wadda ke ɗauke da wani sinadari mai suna HER2, tana da saurin girma, amma an samo mata magani, trastuzumab, wanda Amurka ta amince da shi a 1998. Yana da tsada, wannan gaskiya ce. Akwai kuma wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin alamomi uku da ake dubawa a tsokar, wato na estirojin, na furojestaron (wani sinadarin mata) da HER2, ita ƙarin ruwan kemo, mai kashe ƙwayoyin sankara, ne babban makaminta. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ta yi bincike tare da likitocin Ibadan, suka nuna cewa wannan nau'i mai tsanani ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Don haka maganin da ya yi wa maƙwabciyarki aiki ba lalle ya yi miki ba, kuma ba a sanin naki sai an auna tsoka.

Sai tsoron yanke mama. Ba zan raina wannan tsoro ba, mace ce ni. Amma Bernard Fisher a Amurka da Umberto Veronesi a Italiya sun kwatanta matan da aka cire wa mama gaba ɗaya da waɗanda aka cire wa ƙullin kawai aka bi da gashin na'ura, wato haska wurin da hasken da ke kashe ƙwayoyin sankara. A 2002 suka fitar da sakamakon bibiya na shekara 20: idan ƙullin ƙarami ne, tsawon rayuwa ɗaya ne. Wato wadda ta zo da wuri ita ke da damar tsira da mamanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da cutar, 670,000 suka rasu. Burin da ta sa shi ne a kammala duk gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Magidanta, wannan kwana 60 ɗin galibi a hannunku yake, domin izini da kuɗin mota daga wurinku suke fitowa. Don Allah kada a ɓatar da su wajen shafe-shafe da hayaƙi.

Idan kin ji ƙulli a mama ko hammata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta canja, kada ki jira zafi, domin da farko sankara ba ta cika yin zafi ba. Mai shayarwa ma, idan kumburi ya ƙi sauka bayan an sha magani, ta koma. Fara da asibitin da ke kusa da ke a rubuta miki takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, inda akwai sashen masu sankara. Idan sakamako ya fito, tambayi likita wane nau'i ne, wane mataki ne, kuma ki adana takardar, duk inda za ki je neman magani da ita za a fara.