Kumburin ƙafar mai ciki: wanda hutu ke saukarwa da wanda ke buƙatar likita

A ɗakin awon ciki, abin da nake fara duba shi ne ƙafa. Mace za ta cire silifa, shatar igiyarsu ta zauna daram a bayan ƙafarta, in danna yatsa a ƙwaurinta wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. In na tambaya tun yaushe, sai ta ce, "Ai Inna ta ce ba komai, tagwaye ne," ko kuma "An ce namiji zan haifa." Kumburi ba ya nuna namiji ko mace. Abin da yake iya nunawa ya fi wannan nauyi.

Yawancin kumburin ƙafa a lokacin goyon ciki ba ciwo ba ne. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake a da, jiki kuma yana riƙe ruwa. In ciki ya tsufa, mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya, sai ruwa ya taru a ƙasa. Ga zafin Maraɗi a watan Afrilu da Mayu, wanda ke haura digiri 40, ga tsayuwar daka da surfe, ga zaman suya a bakin murhu tun asuba. Irin wannan kumburi ƙafa biyu yake kamawa, a hankali yake zuwa, da marece yake tsananta, in aka kwana aka tashi ya saɓe.

Maganinsa hutu ne, kuma na san faɗarsa ta fi samunsa sauƙi. Ki kwanta a tabarma ki ɗora ƙafafu bisa matashi ko buhun gero, su ɗara ƙugu tsawo, na kamar minti 20, sau biyu ko uku a yini. Da dare ki kwanta ta gefen hagu, don waccan jijiyar ta ɓangaren dama take, kwanciyar hagu tana ɗage mata nauyin mahaifa. In tsinkar zogale kike ko ɓarar gujiya, kada ki lanƙwashe ƙafa a ƙarƙashinki har aiki ya ƙare. Miƙe su, jujjuya idon sawu, tashi ki ɗan taka. Tsoma ƙafa a ruwan randa ma yana kawo sauƙi.

Wasu mata suna rage shan ruwa wai don kada kumburi ya ƙaru. Kuskure ne. Jikin da ya ji ƙishi ƙara riƙe ruwa yake yi. A sha ruwa sosai, a rage gishiri, magi da kanwa a miya.

Ciwon tafin ƙafa da na dunduniya kuwa, nauyi ne ya ƙaru, kuma ciki yana sassauta jijiyoyin da ke riƙe da gaɓoɓi, shi ya sa tafin ƙafa ke ƙara faɗi har takalmin bara ya matse. A ajiye mai tsini da wanda ya suɗe, a nemi mai faɗi mai taushi. In tsokar sha-raɓa ta ɗaure cikin dare, miƙe ƙafar, ki jawo yatsu zuwa ƙwauri, ki riƙe har ta saki. Don Allah kada a sayi maganin ciwon jiki a tiren masu talla. Ibuprofen da diclofenac suna iya cutar da jariri, musamman a watannin ƙarshe. Ƙwayar sa fitsari da ake cewa tana zuƙe kumburi, da saiwoyin da ake jiƙawa don "fidda zaƙi", ba a shan su ba tare da sanin ungozoma ba. In ciwo ya matsa, paracetamol ne, shi ma bisa yadda aka ƙayyade miki.

Akwai kumburin da ba ya jiran ranar awo, kuma saboda shi na yi wannan rubutu. In fuska ta kumbura, fatar ido ta yi nauyi da safe, zobe ya ƙi fita, ko ƙafa ta cika farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, muna tsoron hawan jinin masu ciki, wanda ke bayyana bayan sati 20. Sauran alamunsa ciwon kai mai nacin da ba ya jin magani, ganin duhu-duhu ko walƙiya, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. In aka bar shi, shi ke kai wa ga jijjiga. Sau da yawa sai an gama hayaƙi da tofi ana zaton iska ce kafin a kawo mana yarinya, alhali akwai allurar da ke tsayar da jijjigar in an zo da wuri. Ƴan mata masu cikin fari, masu tagwaye, da wadda ta taɓa hawan jini sun fi shiga haɗari. Ido ba ya gane shi, ni ma sai na ɗaura abin awo. In tansiyo ya kai 14 bisa 9, wato 140 bisa 90, sai a gwada fitsari a sa ido a kanki. Mace tana iya ɗauke da shi ba ta jin komai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8.

Haka in ƙafa guda ce ta kumbura, tana zafi tana zogi, kada a murza, kada a kai wa wanzami ya yi ƙaho. Jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya, kuma gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Kumburi tare da haki, kasala da farin tafin hannu kan nuna ƙarancin jini, abin da ake ba da jajayen ƙwayoyin awo dominsa. Bayan haihuwa ma ba a saki jiki ba: maijegon da ƙafarta ke ƙara cika, numfashi na gagararta in ta kwanta, a dakatar da kunun kanwa a kai ta a duba zuciyarta.

Maigida, Inna, wannan magana taku ce. Matar da ta ɗora ƙafa bisa matashi da rana tsaka ba son jiki take ba, a karɓar mata taɓarya da tulu. Kuma maigida, in kana fita fatauci Jibiya ko Kano, ko kana kwana a gona da damina, ka bar izini da kuɗin adaidaita tun kafin ka tafi. Ku san lambar mai abin hawa a unguwa, ku ajiye katin awo inda kowa zai gan shi. Ko a Zariya kuke, ko Tibiri, ko wani ƙauyen Madarumfa, in fuska ta kumbura da ciwon kai, a tafi likita mafi kusa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.