Ashe Ingila ma akwai gidan jinka?

An daɗe ana cewa Ingila duk birni ce, ba ƙauye, balle gidan ƙasa mai rufin ciyawa. Ba laifin mai faɗa ba ne, hotunan Landan aka fi gani.

A ƙauyukan yankunan Devon da Dorset akwai gidajen da aka gina da laka haɗe da tattaka, aka baibaye su da karan alkama ko ciyawar bakin ruwa. Kaurin baibayar kan kai santimita 30, gangaren jinkar kuma galibi ba ya gaza digiri 45, don ruwan sama ya zuba kafin ya jiƙa ciki. Tsororuwa ce ke fara lalacewa, ana sabunta ta bayan shekara 10 zuwa 15. Wasu kan shimfiɗa ragar waya saboda tsuntsaye masu zare kara. Babban haɗarinsa gobara ce daga bututun hayaƙi.

Kuma ba alamar talauci ba ce, gyaransa tsada gare shi.

Mai son tabbatarwa ya buɗe taswirar intanet mai nuna hoton titi, ya rubuta Milton Abbas, wani ƙauye a Dorset, ya ga jinka jere gefen hanya.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.