Tambayoyi kan takardar da ake naɗe cakulan

Wai da gaske takardar naɗi tana canza ɗanɗano?

Ƙwarai. Man koko, wato man da ke cikin cakulan, yana jan wari. Ajiye cakulan a buɗe kusa da daddawa ko sabulu kwana biyu, ka ɗanɗana ka ji.

To mene ne amfanin takardar alminiyam ta ciki?

Tare haske da iska da danshi. Ta waje ado ce da rubutu, ta ciki ce ke aikin. Farin cakulan ya fi buƙatarta, domin ba shi da garin koko da ke kare mai daga lalacewa. In aka zuba shi a leda garai-garai ya sha haske a kanta, sai ka ji yana ɗanɗanon tsohon mai.

Na buɗe na ga fari-fari a jiki. Ya ruɓe ne?

Bai ruɓe ba, kwantar da hankalinka. Ko dai zafi ya narka man ya taso ya sake daskarewa, ko kuma danshi ya jiƙa sukarin ya bushe a sama. Shafa da yatsa: in da santsi mai ne, in da tsakin-tsakin sukari ne. Ana ci, daɗin ne ya ragu.

In sa a firij ko kada in sa?

Wannan ba ta da amsa guda. Cakulan ya fi son sanyin digiri 15 zuwa 18, a busasshen wuri, kuma man koko yana narkewa wajen digiri 34. Wanda ke Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, inda zafi ke haura 40, ba zan ce masa ya bar shi a kabad ba. Amma firij yana da danshi da warin miya, kuma in ana yawan ɗauke wuta, ya yi laushi ya sake daskarewa, wannan hawa da saukar ita ke kawo farin da aka tambaya a sama. Don haka ya danganta da naɗin. In leda ce da inji ya liƙe bakinta ruf, za ta iya jurewa. In alminiyam ce da aka ninke kawai, iska tana shiga ta ninkin, sai ka ƙara sa shi cikin roba mai murfi. Idan ka fitar, kada ka buɗe nan take! Nan ne mutane ke ɓata abin da hannunsu. Bar shi a rufe kamar minti 30, ko fiye in babba ne, raɓar ta sauka a kan roba maimakon cakulan. A lokacin hunturu kuwa, sau da yawa ɗaki mai inuwa ya wadatar.

Launi da fasali fa, ba yaudara ba ce?

Ba duka ba. Ido ke fara ci, shi ya sa kamfanin cakulan na Cadbury ya daɗe yana shari'a kan launin shunayya na takardarsa. Wani fasalin kuma aiki yake yi: tun 1976 kamfanin cakulan na Ritter Sport na Jamus ya fito da leda da ke buɗewa idan ka karya sandar, kana jin "ƙas" ɗin kafin ka kai baki, yatsu ba su narka shi ba.

Me zan duba a shago?

Bakin ledar a liƙe, babu tabon maiƙo a takarda, sandar a miƙe ba ta lanƙwashe ba. Wanda aka jera jikin gilashi yana shan rana, bar musu kayansu, komai kyan kwalin.