Waiwaye: Mai Sa Ido Kan Dokokin Yaƙi da Ta'addanci a Birtaniya

A watan Nuwamba na 1974 bama-bamai suka tashi a mashaya biyu a birnin Birmingham, mutum 21 suka mutu. Kwana takwas kacal bayan haka majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar da ta ba da damar tsare wanda ake zargi har kwana bakwai ba a tuhume shi ba. Shi kansa ministan cikin gida, Roy Jenkins, bai musa cewa dokar ta yi tsauri ba. An kira ta ta wucin gadi, amma sabunta ta aka yi ta yi har shekarar 2000, lokacin da aka kafa ta dindindin.

Nan gizo ke saƙar: 'yan majalisar da ke kaɗa ƙuri'ar sabuntawa ba sa ganin bayanan sirrin da gwamnati ke kafa hujja da su. Shi ya sa aka ɗauko mutum daga wajen gwamnati, aka buɗe masa takardun. Lord Shackleton ya yi bita a 1978, Lord Jellicoe a 1983, daga 1984 kuma abin ya zama na shekara-shekara.

Lord Carlile ya karɓi aikin a ranar 11 ga Satumba 2001, sa'o'i kafin harin Amurka. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun zarge shi da kusantar gwamnati, kuma zargin ba banza ba ne. Duk da haka shi ne ya dinga nanata cewa ana wuce gona da iri da sashe na 44 na dokar 2000, wanda ya ba ɗan sanda ikon tsayar da mutum a titi, ya zazzage masa jaka da aljihu ba tare da wani dalilin zargi ba. A shekara guda an caje mutane fiye da sau 100,000, ba a kama ko ɗaya kan ta'addanci ba. Gwamnati ba ta motsa ba sai da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce sashen ya saɓa doka a 2010.

Iyakar muƙamin ke nan. Mai shi yana gani, yana rubuta rahoto ga majalisa, amma ba ya iya soke komai. Kuma gwamnatin da yake bincika ita ke naɗa shi. Nauyin maganarsa ya danganta da halinsa: rahoton da David Anderson, wanda ya gaji Carlile, ya rubuta a 2015 kan leƙen saƙonnin jama'a ya yi tasiri sosai a dokar da aka kafa kan batun a 2016. Max Hill ya biyo baya, sai Jonathan Hall a 2019.

Ostireliya ta kwaikwayi tsarin da dokar 2010, ta naɗa Bret Walker a 2011. Shekara uku bayan haka gwamnatin Tony Abbott ta nemi rushe ofishin, daga baya ta janye.