Yadda ƙwayar cutar Ebola ke shiga jiki ta karya garkuwarsa

Ebola ƙwayar cuta ce daga dangin Filoviridae, wadda aka gano a 1976 a Yambuku, cikin ƙasar Zayar ta wancan lokacin (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a yau). Siffarta kamar zare take, kuma kundin gadonta na RNA bai wuce ƙwayoyin gado bakwai ba. Da wannan ɗan guzurin take durƙusar da jiki.

A bayan fatarta akwai furotin mai suna GP. Da shi take manne wa ƙwayar halittar mutum, ita kuwa ƙwayar halittar sai ta haɗiye ta cikin wani ɗan buhu. A ciki ne sinadaran katefsin suke datse GP, ya samu damar kama furotin NPC1 na ƙwayar halittar mutum, wanda aikinsa na asali jigilar kolestarol ne. In babu NPC1, ƙofar fita daga buhun zuwa cikin ƙwayar halittar ba ta buɗuwa. An tabbatar da hakan a 2011.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne waɗanda take fara kamawa: makrofaj da ƙwayoyin dendiritik, wato masu gadin jiki. Su ne ke ɗauke da ita zuwa hanta, saifa da kaluluwa. Furotin ɗinta mai suna VP35 yana ɓoye RNA ɗinta don kada a samar da intaferon, sinadarin da ke kai gangami ga sauran ƙwayoyin halitta. Wani furotin ɗinta, VP24, kuma yana tare STAT1, furotin da ke isar da saƙon intaferon, daga shiga cibiyar ƙwayar halitta, ta yadda ko gangamin ya iso ba a amsa shi. Tana kuma zubar da wani nau'in GP cikin jini, wanda ake ganin yana ɗauke hankalin antibodi, wato sinadaran da garkuwar jiki ke samarwa don kama ƙwayar cuta.

Daga baya garkuwar ta farka a hargitse. Makrofaj suna kwararo sinadaran kumburi, jijiyoyin jini su fara yoyo, fararen ƙwayoyin limfosait su mutu da yawa ko da ƙwayar cutar ba ta shige su ba. Jini yana daskarewa a ƙananan jijiyoyi har abubuwan daskarar da shi su ƙare, hantar da za ta sake samar da su kuma ta lalace. Daga nan zubar jini ke fitowa, amma ba kowane majiyyaci ke yin sa ba. Amai, gudawa da faɗuwar bugun jini sun fi kisa.

Bayan warkewa, ƙwayar na iya fakewa watanni a ido da maraina, inda garkuwa ba ta isa sosai. Allurar rigakafin Ervebo da magungunan Inmazeb da Ebanga duk GP suka sa a gaba.